Ina son koyar da binciken haɗurra da kimiyyar foransik a jami'a, ta ina zan fara?

Sadiq_Kubwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Digirina na farko a injiniyancin kanikanci ne, na fita da 2:1, kuma saura wata uku in gama bautar ƙasa a nan Abuja. Burina in zama malamin jami'a a fannin binciken haɗurra da kimiyyar foransik. Wasu na ce mini na riga na yi ɓatan kai, da foransik ɗin na karanta tun daga aji ɗaya. Wasu kuma sun ce fannin ma ba shi da kasuwa a ƙasar nan. Wanne ne gaskiya, kuma wane mataki zan fara ɗauka?

Injiniya_Garba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ce ka yi ɓatan kai bai taɓa tsayawa a bakin titi da tef ɗin awo a hannu ba. Amma fara raba abubuwa biyun da ka cusa a jimla ɗaya. Foransik kotu take yi wa aiki: wa ya aikata, da me, yaushe. Binciken haɗari kuwa tambayarsa me ya jawo, kuma me za a gyara kada a maimaita. Suna aron kayan aikin juna, iyayen gidansu ne daban.

Aikin titi lissafin da ka yi a aji biyu ne. Ga misali. Mota ta taka birki, ta bar sawun taya mita 36 a busasshiyar kwalta, ta tsaya ba ta bugi komai ba. Sai ka ninka 254, lambar da ba ta canjawa a wannan lissafin, da ƙarfin riƙon kwaltar, ka ninka da tsawon sawun, ka ɗauki sukwaya rut. In riƙon 0.7 ne, ninkin zai ba ka kusan 6,400, sukwaya rut ɗinsa 80, wato gudun kilomita 80 a awa. To a ce ruwan sama ya zubo da yashi kan titin, ko kwaltar ta tsufa ta yi santsi, riƙon ya sauko 0.5. Sawun nan dai bai canja ba, amma amsar ta koma wajen 68. Kilomita 12 ke nan tsakani, kuma a kan irin wannan ake ɗaure mutum ko a sallame shi. Shi ya sa ba a ɗauko riƙon kwalta daga littafi in da hali. Ana auna shi a wurin, a ranar, ko dai da gwajin birki da wata mota ko da ja-taya mai sikeli.

Sannan abin da lissafin ya ba ka mafi ƙarancin gudu ne, domin taya tana fara rage gudu kafin ta fara barin baƙi a ƙasa. In kuma motar ta bugi wani abu a ƙarshen sawun, gudun da ya rage mata lokacin bugun lissafinsa daban ne.

Malam_Bala_Lakcara:
Injiniya ya shiga aji kai tsaye, ni bari in koma kan tambayar yaron, wato tsanin. Mai digirin farko da sakamako irin naka a matakin farko ake ɗaukarsa, wato GA (Graduate Assistant). In ya yi mastas ya zama mataimakin lakcara. Mai digirin digirgir yana farawa daga Lakcara II, sai Lakcara I, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. A yawancin jami'o'inmu aƙalla shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, kuma shekarun kaɗai ba sa hawa da mutum, sai da maƙalolin da ya wallafa. Kujeru biyun ƙarshe ma sai an tura ayyukanka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun duba.

Abin da samari ba sa lura da shi shi ne sashe ake ɗaukar mutum, ba a ɗaukarsa "fanni". Sashen kanikanci zai so ya ga digirin farko, na biyu da na uku duk suna kan layi ɗaya. In ka tsallaka ka yi mastas a foransik na gama-gari, sashen kanikanci zai ce ka bar gida, sashen foransik kuma ya ce asalinka ba nasu ba ne, ka zama jemage. Shawarata ka zauna a kanikanci, ka sa bincikenka na mastas ya zama a kan karyewar ƙarfe ko motsin mota lokacin haɗari. Ka kuma nemi rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, da zarar ka cika sharuɗɗa.

Jummai_Lab:
Malam, da girmamawa, ban yarda a mayar da digirin foransik kamar ɗan bora ba. Yana cikin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a ƙarshen 2022, kuma Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil tana koyar da shi. Akwai tarbiyyar hannu da ɗalibin foransik ke samu tun yana ƙarami wadda injiniya ko masanin kemistiri ba ya samu. Ka ba ƙwararren masanin kemistiri riga mai jini, sai ya sa ta a leda ya ƙulle don tsafta. Kwana biyu a zafin Gwagwalada ta yi fumfuna, DNA ya lalace. Shanya ta ake yi a inuwa ta bushe, a sa a ambulan na takarda. Tarkacen gobara kuma akasin haka: gwangwanin ƙarfe mai murfi da iska ba ta fita, don tururin fetur yana ratsa leda ya gudu. Wanda bai san waɗannan ba, duk tsadar na'urarsa shara yake aunawa.

Malam_Bala_Lakcara:
Hajiya Jummai ban raina digirin ba. Da ɗan sakandare ne ya yi tambayar da amsata ta bambanta. Wannan ya riga ya ci shekara biyar a injiniyanci. Tarbiyyar hannun da kike faɗa kwas na 'yan makonni da zama ƙarƙashin gwani suna koyar da ita. Lissafin ƙarfin ƙarfe kuwa ba a koyonsa a 'yan makonni.

Umar_Nyanya:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan lissafin mita 36 ɗin dariya yake ba ni. A gangaren Kugbo in tirela ta kwashi motoci, kafin wani mai tef ya iso jama'a sun cika wurin, masu janwe sun ja motocin, go-sulo ya kai mahaɗar AYA, dubban tayoyi sun bi ta kan sawun. Washegari 'yan uwa sun ce ƙaddara ce, an yafe. Wa zai biya mai bincike? Sadiq ka nemi aikin kamfanin mai kawai.

Injiniya_Garba:
@Umar_Nyanya gaskiyarka rabi. Ba wanda zai tare hanyar Nyanya awa huɗu don malami ya yi awo, kuma ceton rai ne a gaba da komai. Amma shi ya sa aikin yake da tsari: abin da zai fara ɓacewa shi ake fara kamawa. Da fentin feshi ake sa alama a inda kowace taya ta tsaya kafin janwe ya taɓa motar, a sa a farkon sawu da ƙarshensa, a zagaye wurin da mai ko ruwan lagireto ya zuba. Sannan a nemi ƙarzar da ƙarfe ya yi a jikin kwalta, domin lokacin karo gaban mota yana dukan ƙasa, kuma wannan ƙarzar ita ce mafi amincin shaidar inda aka haɗu. Ita ba ta gogewa da wuri, ana iya samunta bayan makonni. Tarwatsewar gilashi ba abin dogaro ba ce sosai, tana tafiya da gudun motar ta zube gaba.

Bayan fenti sai hotuna masu yawa da kowanne ya hau kan rabin na kusa da shi, da ma'auni a ƙasa, da wani abu da ba ya motsi kamar turken lantarki ko bakin kwalbati. Manhajar kwamfuta tana haɗa su ta fitar da taswirar wurin da za a iya aunawa a ofis. Jirgi marar matuƙi ya fi sauri, sai dai a Abuja kada ka kuskura ka tashi da shi ba izinin hukuma.

Akwai kuma taskar da kusan ba wanda ya taɓa a nan. Yawancin motocin da ake shigo da su daga Amurka, irin Camry da Corolla na shekarun baya-bayan nan, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa jakar iska tana ajiye bayanin kamar daƙiƙa biyar kafin karo: gudu, ko an taka birki, yadda aka taka totur, ko direba ya ɗaura bel. Da na'urar Bosch CDR ake karantawa. Inda ake tuntuɓe: in an canja girman taya gudun da ta rubuta zai kauce, in tayoyin sun kulle ko suna juyawa a iska ma haka, kuma motar gwanjo tana iya zuwa da bayanin haɗarin da ta yi tun a can, mai gaggawa ya ɗauka na jiya ne.

Baba_Audu_Apo:
Ranka ya daɗe Injiniya, mu ba mu yi boko mai zurfi ba amma bari bakanike ya sa baki. Kullum sai a rubuta "birki ya tsinke", kamar igiya ce. Birkin babbar mota na iska ne, kuma in iskar ta ƙare gaba ɗaya sifirin ne ke danne tayoyin baya, motar ta kafe. Abin da ya fi kashe mutane a Hawan Kibo da Kugbo zafi ne. Direba ya ɗauko lodi fiye da ƙima, ya sako gangara a babbar giya, wani ma a firi don tsimin mai, yana ta dannan birki. Duram ya yi zafi ya buɗe, takalmin birki ya yi ƙyalli kamar gilashi, sandar da ke tura shi ta kai iyakarta ba ta kama komai ba. Bayan awa biyu in ka zo ka taka sai ka ji birki lafiya lau, domin ya huce. Yaro in za ka duba, ka leƙa cikin duram. In ka ga ya yi shuɗi-shuɗi da 'yan tsage-tsage, ya sha wuta. Ka kuma ƙirga tayoyi nawa ne birkinsu ke aiki tun asali, don akwai masu toshe layin wata taya in yana yoyo su ci gaba da tafiya.

Injiniya_Garba:
Baba Audu Allah ya ƙara girma, wannan lacca guda ce. In ƙara masa adadi: a tukunyar birki mai lamba 30 ta yau da kullum, in tafiyar sandar ta wuce inci biyu, wajen milimita 51, birkin ya fita daga saiti. Sadiq ka rubuta wannan, ka kuma lura cewa daga gareji bayanin ya fito.

Kaftin_Mai_Ritaya:
Kun tsaya a titi, bari in kai ku sama, domin can ne aikin ya fi tsari a ƙasar nan. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama da aka sani da AIB ta zama NSIB da dokar 2022, aka ƙara mata jiragen ƙasa da na ruwa, kuma tana da ɗakin karanta baƙin akwati a nan Abuja. Tana aiki ne da Rataye na 13 na yarjejeniyar Chicago kan sufurin jiragen sama na duniya, wanda ya ce manufar bincike rigakafi ce kawai, ba ɗora laifi ba. Rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe ana so cikin shekara guda in ya yiwu.

Baƙin akwatin ma ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne, kuma biyu ne. Ɗaya na naɗar bayanan tafiya na awa 25, ɗaya na naɗar sautin ɗakin matuƙa, wanda a yawancin jirage awa biyu ne, sababbi kuma sun kai 25. An gina su su jure wutar da ta kai digiri 1,100. Ga kuskuren da ke cin shaida: in jirgi ya sami matsala ya sauka lafiya aka bar wuta a jikinsa, na'urar sautin tana ci gaba da naɗa har ta taka abin da ake nema. Dole a cire mata wuta nan take. Wanda aka tsamo daga ruwa kuma a cikin ruwa mai tsafta ake kai shi ɗakin gwaji, in ya bushe gishiri da tsatsa su cinye shi.

Ga mai son koyarwa, rahotannin ƙarshe a buɗe suke ga kowa. Ka karanta na jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansu. Za ka ga yadda juyin iska kwatsam, shawarar tashi a wannan yanayin, da yadda aka sarrafa jirgin bayan nan suka haɗu. Ba a samun dalili ɗaya tal. Amma kada ka sa rai za a ba ka sautin matuƙa ka yi mastas da shi, wannan a killace yake.

Sadiq_Kubwa:
Amin. Na gode Baba Kaftin. To shiga wannan ɓangaren sai wanda ya tuƙa jirgi?

Kaftin_Mai_Ritaya:
A'a ɗana. Tawagar bincike tana da matuƙa, injiniyoyi, masu kula da zirga-zirgar sama, masana yanayi da masana halayyar ɗan Adam. Injiniya irinka ta ƙofar ƙarfe da inji yake shiga. Kwalejin jiragen sama ta Zariya za ta ba ka sanin jirgin kansa, Cranfield a Ingila kuma ita ce sananniya a kwasa-kwasan binciken haɗari, gajeru da na mastas.

Barista_Zainab:
Ina bin ku tun ɗazu. Abin da ba a faɗa wa malaman kimiyya shi ne ranar da za su tsaya a akwatin shaida. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre, amma alƙali ba dole ne ya ɗauka ba, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ba lissafinka zai fara kai wa hari ba. Zai tambaye ka wa ya ɗauko tayar nan daga wurin, ƙarfe nawa, wa ya karɓa, a ina ta kwana, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin. Kamar isnadin hadisi ne, in mutum ɗaya ya faɗi a silsilar, ko matanin ya yi kyau an raunana shi. Kowane hannu da shaida ta bi sai an rubuta suna, rana, lokaci da sa hannu.

Bayanin da Injiniya ya ce ana cirowa daga ƙwaƙwalwar mota kuma ya faɗa ƙarƙashin sashe na 84, na shaidar da kwamfuta ta fitar. Sai da takardar shaidar cewa na'urar tana aiki daidai da yadda aka ciro bayanin. Shari'u da yawa a nan suke karyewa.

Sai shawara ɗaya: ƙwararre ya ce "tsakanin 68 da 80, ga dalili" ya fi ƙarfi a gaban alƙali fiye da wanda ya buga ƙirji ya ce 80 cif. Na biyun tambaya uku ke rusa shi.

Dakta_Hauwa:
Barista ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ɓangaren gawa hanyarsa daban ce gaba ɗaya, don kada wani ya karanta zaren nan ya rikice: sai likita, shekara shida a makaranta, shekarar horon asibiti, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa a fannin binciken cututtuka. Injiniya ba zai shigo nan ba, amma zai buƙace mu. Raunin da bel ya bari a kafaɗa, ta dama ko ta hagu, yana nuna wa ke tuƙi in waɗanda suka tsira suna musu. Tsayin karayar ƙafar mai tafiya a ƙasa ana gwada shi da tsayin bambar motar.

Jinin gwajin barasa a kwalba mai murfi ruwan toka ake zuba shi, mai sinadarin fuloraid, a sa a firji wajen digiri 4. In ba haka ba ƙwayoyin cuta suna iya haifar da barasa a cikin jinin bayan mutuwa, a yi wa bawan Allah da bai taɓa sha ba ƙazafi. Shi ya sa ake haɗawa da ruwan cikin ido, wanda ya fi jinkirin lalacewa, kuma daga jijiyar cinya ake ɗibar jinin. Su tiramadol kuma gwajin tsinke na fitsari ishara ce kawai, tabbatarwa sai na'urar tantance sinadarai ta GC-MS.

Batun gaggawar jana'iza a wurinmu gaskiya ne, kuma ba abin faɗa da iyalai ba ne. Ɗibar jini da ruwan ido da allura, hotuna da auna raunuka na waje ba sa cin awa guda, ba kuma sai an yanka ba. In an yi wa dangi bayani da ladabi, da malami a kusa, da yawa suna amincewa.

Umar_Nyanya:
Dakta na ji. Amma GC-MS ɗin nan jami'a nawa ke da mai aiki? Ba wadda aka rufe da ƙyalle ana nuna wa 'yan tantancewa ba.

Jummai_Lab:
Hhhh Umar ka fama ciwo. Sayen na'urar shi ne mai sauƙi. Tana son iskar hiliyam mai tsafta sosai, kuma famfonta na zuƙe iska so yake ya kwana yana aiki. Duk ɗauke wuta sai an jira awanni kafin ta daidaita, in abin ya yi yawa famfon ya mutu. Saboda haka kafin na'ura a fara tanadar inbata da batura da na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin sinadaran gwadawa na duk shekara. Ba sinadarin gwadawa mai takardar shaidar inganci, ba adadin da za ka iya karewa. Ɗakin da ke son kotu ta girmama sakamakonsa kuma ma'aunin ISO 17025 yake nema, wanda rabinsa rubuce-rubuce ne: wa ya saita na'ura, yaushe, da me.

Sadiq ka tambayi wannan kafin ka karɓi gurbin mastas ko'ina. Kada ka tsaya a "akwai na'ura?" Ka ce a nuna maka littafin da ake rubuta amfani da ita, ka ga ranar ƙarshe.

Kuma ba kowane bincike mai kyau ke son na'urar miliyoyi ba. Tsutsar koren ƙuda da ake ƙiyasta lokacin mutuwa da ita, girmanta da zafin wuri yake tafiya. Jadawalin Turai ba zai yi aiki a Gwagwalada a watan Maris ba, na Gwagwalada ma ba zai yi a Jos cikin hunturu ba. Wannan aikin ma'aunin zafi ne da haƙuri da toshe hanci.

Malam_Bala_Lakcara:
Tun da an zo kan kuɗi. Hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi ta TETFund ma'aikatan manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, saboda haka sai ka shiga tukuna ake maganarta. Wannan wani dalili ne na karɓar GA ko da a jami'ar da ba ita ka so ba. Na karatun ƙasar waje akwai tallafin Commonwealth. Masu son foransik zalla suna duba Strathclyde a Sukotlan, ko Lausanne a Siwizalan wadda makarantarta ta faro tun 1909 amma da Faransanci ake yawancin karatun, ko jami'ar foransik ta Gandhinagar a Indiya, wadda ta fi sauƙin kuɗi.

Wallafa kuma, ka saba da karanta mujallun Accident Analysis & Prevention, Engineering Failure Analysis da Forensic Science International tun yanzu. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, kwamitin ƙarin girma ya fara gane su, kuma tabon ba ya goguwa daga takardunka. Duk binciken da ya taɓa bayanan mutane ko gawa sai da izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, mujallar kirki ba ta karɓar wanda aka nemo daga baya.

Injiniya_Garba:
Malam a nan na ɗan saɓa maka. Ka ce ya karɓi GA ya zauna. Ni ina ganin malamin da bai taɓa zuwa wurin haɗari ba, allo kawai zai koyar, ɗalibansa su ma su koyar da allo. Gara ya yi shekara biyu ko uku da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ko NSIB ko masu tantance asarar inshora, ya ga wurare ɗari, sannan ya dawo.

Malam_Bala_Lakcara:
Injiniya, wanda ya fita ya ɗanɗana albashin waje da wuya ya dawo, in ya dawo ma daga ƙasan tsani zai fara, sa'o'insa sun yi nisa. Ana iya haɗawa: yana GA, sashensa ya rubuta wa hukumar kiyaye haɗurra takardar haɗin gwiwa, yana bin su wurin aiki. Su suna da wuraren, shi yana da lissafin da lokacin rubutu. Cibiyar fasahar sufuri ta Zariya ma ƙofa ce.

Barista_Zainab:
In za a yi haka a rubuta a takardar wa ke da bayanan, kuma ba a wallafa komai a kan shari'ar da ke gaban kotu. Lambar mota da fuskokin mutane a rufe su a hotuna.

Sadiq_Kubwa:
Allah ya saka da alheri, na cika shafi huɗu. Abin da na fahimta, zan zauna a kanikanci. Batun shiga jami'a kai tsaye ko fara aikin fili ne ban yanke ba, don hujjar Malam da ta Injiniya duk sun kama ni. In na ce zan yi mastas a kan karyewar sassan manyan motoci, ya yi faɗi?

Injiniya_Garba:
Ya yi faɗi. Ɗauki abu ɗaya, misali kusoshin taya ko sandar sitiyari. Tambayar da za ka koyi amsawa ita ce: ƙarfen nan karyewarsa ce ta jawo haɗarin, ko haɗarin ne ya karya shi? Fuskar karayar ke faɗa. Wanda gajiya ta ci a hankali yana da sashe mai santsi da layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a bakin rafi, sau da yawa da tsatsa a inda tsagar ta faro, sai ɗan sashe mai kaushi inda ya ƙarasa ɓallewa. Wanda duka ɗaya ya karya, fuskar duk sabuwa ce, ƙarfen kuma ya lanƙwashe ko ya miƙe a gefen. Ƙwan fitila irin na da ma haka yake ba da labari: in yana kunne lokacin karo, zaren cikinsa yana da zafi, sai ya miƙe ya warware, in a kashe yake sai ya karye ƙas. Fitilun LED sun raba mu da wannan shaidar.

Jummai_Lab:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakata, ko kwas ɗaya na kula da shaida ya yi kafin ya taɓa komai. Taya ma, lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke jikinta su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sau nawa ake yanka taya don a sami sauƙin ɗauka, a yanke ta daidai kan lambar?

Baba_Audu_Apo:
Yaro in kusoshi kake so, ka zo Apo ranar Asabar da safe kafin rana ta yi. Akwai buhu guda na karyayyu da muke tara wa 'yan gwangwan. Zan sa yara su wanke maka su da fetur su goge da burushin ƙarfe su yi fes.

Injiniya_Garba:
Baba Audu don Allah kada su goge! Burushin zai share layukan da yaron zai je nema, tsatsar ma shaida ce. A bar su da dattinsu. Sadiq ka tafi da takarda ka naɗe kowane gutsure daban, kada ka gwada haɗa baki biyun karayar don ka ga ko sun dace, gogar juna ɗaya ta isa ta ɓata fuskar. Ka tambayi Baba kowanne daga wace mota ya fito da wace taya, ka rubuta a jikin takardar.